Yadda Za Ka Koyi Kalmomin Turanci na Sace Mutum da Garkuwa da Shi, Mataki-Mataki

Tambayar yadda ake faɗin sace mutum da garkuwa da shi da Turanci ta yi yawa, kuma daga mutane iri-iri take fitowa. Akwai ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO, yana son ya san abin da ya raba *kidnap* da *abduct*. Akwai matashin da ya fara aiki a gidan rediyo a Sakkwato, an miƙo masa sanarwar 'yan sanda da Turanci an ce ya mayar da ita Hausa kafin labaran yamma. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin Sabon Birni ko Isa ko Rabah da aka ɗauke masa ɗan'uwa, yana son a rubuta takarda zuwa ga hukuma ko wata ƙungiyar agaji, ya rasa mai rubuta masa ita daidai.

Ba don marmari muke koyon waɗannan kalmomi ba, halin da ƙasarmu ta shiga ne ya tilasta. Tunda dole ce, gara a koye su da kyau, domin kuskuren kalma ɗaya a nan yana iya mayar da wanda aka zalunta ya zama mai laifi a takarda.

1. Tanadi kayan aiki

Littafin rubutu guda, sabo, wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba. Biro biyu, shuɗi da ja. Sai ƙamus na Turanci zalla. Na Oxford da na Cambridge na masu koyo duk suna intanet kyauta, kuma kowace kalma tana da wurin da za ka danna ka ji furucinta. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na littafi da biro da 'yar data ba. In network na ba ka wahala a garinku, ka ɗauki hoton shafin kowace kalma a waya ranar da ka shigo birni, ka riƙa dubawa a gida.

Hattara: kada ka jingina da manhajar fassara ta waya ita kaɗai. Ka rubuta mata "an sace shi", tana iya ba ka jimlar da ta dace da babur ko tunkiya, domin ba ta san mutum kake nufi ba.

2. Fara da Hausarka kafin ka taɓa Turanci

A shafin farko ka rubuta duk yadda muke faɗin abin: an sace shi, an ɗauke shi, an yi garkuwa da shi, an yi awon gaba da shi, an kama shi, an tsare shi, an yi safararsa, ko yadda mutanenmu na ƙauye ke cewa, sun tahi da shi daji. Ka bar layi biyu a ƙarƙashin kowanne.

A shafi na biyu ka rubuta tambayoyi huɗu da jan biro. Wa ya tafi da mutumin? Doka ta ba shi ikon yin haka? Me yake nema? Yaya aka ƙare? Duk sauran aikin a kan waɗannan tambayoyi zai hau. Masu haddace jerin kalmomi suna mantawa cikin mako guda, amma wanda ya saba yi wa labari waɗannan tambayoyi, kalmar da kanta take zuwa masa.

3. Kalmomi huɗu na tushe

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Ka ba kowace kalma shafinta.

*Kidnap* shi ne a tafi da mutum ba bisa doka ba, a riƙe shi a wani wuri, galibi don a karɓi kuɗi ko wani abu kafin a sake shi. Ita ce ta fi dacewa da abin da muke kira garkuwa da mutane don kuɗin fansa. Na ce galibi, domin ba kullum ake neman kuɗi ba. A watan Yulin 1984 an sace Alhaji Umaru Dikko a Landan, aka same shi cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted ana shirin kawo shi Najeriya. Ba fansa aka nema ba, amma da *kidnap* aka ba da labarin. Daga wannan misali ka ƙara kalma biyu a gefen shafi: *attempted*, wato an yi yunƙuri, da *foiled*, wato an daƙile.

*Abduct* ta fi faɗi. Tana nufin a tafi da mutum da ƙarfi ko da yaudara, ba tare da an faɗi dalili ba. Shi ya sa 'yan jarida da 'yan sanda suke sonta a ranar farko, lokacin da ba a san abin da maharan ke nema ba. Ta kuma fi kama da harshen hukuma, kuma ita ake yawan gani idan ana maganar yara da mata da ɗalibai: 'yan mata 276 na Chibok a Afrilun 2014, na Dapchi a Fabrairun 2018, yaran Ƙanƙara a Disambar 2020, na Jangebe a Fabrairun 2021, da almajiran tsangaya na Gidan Bakuso a ƙaramar hukumar Gada a Maris ɗin 2024. A hira ta yau da kullum ana musanya kalmomin biyu ba wanda zai ce ka yi kuskure. Shawarata dai, in ba ka san dalilin ɗaukar ba, ka riƙe *abduct*.

Ɗaliban shari'a kuwa su sani cewa a kotu ba a musanya su. A tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, sashe na 271 ya bayyana *kidnapping* a matsayin fitar da ƙaramin yaro ko mai taɓin hankali daga hannun mai kula da shi ba da izininsa ba, sashe na 272 kuma ya bayyana *abduction* a matsayin tilasta wa kowane mutum ko yaudararsa ya bar wani wuri. Jihohi sun yi wa dokokinsu gyara, don haka mai aikin kotu ya duba kundin jiharsa.

*Hostage* suna ne, ba aikatau ba. Shi ne mutumin da aka riƙe don a matsa wa wani daban, gwamnati ko dangi, ya biya wata buƙata. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris, 2022 su ne misali. An riƙe su watanni ana gindaya sharuɗɗa, sai a Oktobar shekarar aka sako 23 na ƙarshe. Ana cewa *they took him hostage* ko *he was held hostage*. Ka lura babu *a* kafin kalmar a waɗannan jimloli biyu, kuma babu jimla irin *they hostaged him*.

*Ransom* shi ne kuɗin fansa. Ka rubuta aikatau huɗu da ke tafiya da shi: *demand*, nema, *negotiate*, ciniki, *raise*, harhaɗawa, irin karo-karon da dangi ke yi bayan an sayar da gona ko dabbobi, sai *pay*, biya.

Hattara: ba a sa *e* a ƙarshensa. Ransome mai *e* sunan mutane ne, kamar na iyalan Ransome-Kuti na Abeokuta. Kuskuren nan har a kanun wasu jaridu ana ganinsa.

4. Tattaro dangin kowace kalma

Ka raba shafi gida huɗu: aikin, sunan aikin, mai yi, wanda aka yi wa.

*Kidnap, kidnapping, kidnapper, victim.*
*Abduct, abduction, abductor, abductee.*
*Capture, captivity, captor, captive.*

Layi na uku yana da amfani ƙwarai. *Captor* shi ne mai riƙe da mutum, *captive* wanda ake riƙe da shi, *in captivity* kuma zaman da ya yi a hannunsu. Haruffan ƙarshe kaɗai suka raba azzalumi da wanda aka zalunta, saboda haka ka rubuta *captor* da jan biro, *captive* da shuɗi.

Wajen rubutu, *kidnap* tana ninka *p* idan aka yi mata ƙari: *kidnapped, kidnapping, kidnapper*. *Abduct* ba ta ninka komai.

5. Koyi faɗin "an" da Turanci

Mu da Hausa muna da sauƙi. "An sace shi" ta wadatar, ba sai ka ce wa ya yi ba. Turanci yana buƙatar abu biyu tare: *was* ko *were* ko *has been*, sannan aikatau, galibi mai *ed*.

*He was kidnapped.* An sace shi.
*They were abducted.* An sace su.
*She has been kidnapped.* An sace ta, kuma har yanzu tana hannu.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne yar da *was*. Mutum ya rubuta *my brother kidnapped on Tuesday*, yana nufin an ɗauke yayansa. Mai karatu kuwa abin da ya gani shi ne yayan ne ya sace wani. Ka yi tunanin wannan jimla a takardar da za ta shiga ofishin 'yan sanda. Duk jimlar da ka rubuta a wannan mataki, ka zagaye *was* ko *were* ko *has been* da jan biro. In ka duba babu jan zagaye, ka gyara.

Bayan haka ka haddace ƙananan kalmomin da ke biyo baya, a cikin jimla, ba su kaɗai ba: *from his house*, daga gidansa, *on his farm*, a gonarsa, *on the road*, a kan hanya, *by gunmen*, 'yan bindiga ne suka yi, *at gunpoint*, da bakin bindiga, *for ransom*, don kuɗin fansa.

Hattara da kalma biyu da Hausa ke jan mu zuwa gare su. "Sace" takan sa mu ce *steal*, amma *steal* ta kaya ce da kuɗi, ba a cewa *they stole my father*. Za ka ci karo da *child stealing* a harshen shari'a na Najeriya, wannan keɓantacce ne ga ƙananan yara. "Ɗauke" kuma takan sa mu ce *carry*. A Turancin kasuwa kowa zai gane, amma a rubutu *they carried him* na nufin sun ɗaga shi a kafaɗa ko a hannu. In kana son kalma mai sauƙi, ka ce *they took him away*.

6. Ware maƙwabtan da ba su ba ne

Koma kan tambaya ta biyu: doka ta ba shi iko? In 'yan sanda ne ko wata hukuma mai ikon kamu, kalmar ita ce *arrest*, kamawa, sai *detain*, tsarewa, sai *in custody*, yana hannun hukuma. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Tsarewar da ta saɓa wa doka ita ake kira *unlawful detention*. Idan kuwa jami'an hukuma ne suka ɗauke mutum, sannan aka ƙi faɗin inda yake ko aka musanta cewa yana hannu, masu kare haƙƙin ɗan Adam suna kiran wannan *enforced disappearance*. Kalma ce mai nauyi, zargi ce kai tsaye, kada ka rubuta ta sai da hujja. In mutane ne cikin farin kaya suka zo da dare ba wanda ya san su, ka ce *unidentified men*.

Sauran ba za su ɗauke ka lokaci ba. *Hijack* ta abin hawa ce, jirgi ko mota, kamar jirgin Nigeria Airways da wasu matasa huɗu suka karkatar zuwa Yamai a Oktobar 1993. *Rustle* ta dabbobi ce, *cattle rustling* satar shanu. *Snatch* fizge ce, ta waya ko jaka ko babur, wani lokaci har yaro. *Whisk away* 'yan jaridarmu suna sonta, daidai take da "awon gaba", amma ba ta faɗi ko wa ya yi ko da wane iko, don haka ka gane ta in ka gani, kada ka sa ta a takardar ƙorafi.

Biyun da suka cancanci shafi guda su ne *trafficking* da *smuggling*, musamman gare mu da ke bakin iyakar Illela, inda hanya ke bi ta Ƙonni zuwa Agadas har Libiya. *Human trafficking* safarar mutane ce don a ci da guminsu, aikin bauta ko karuwanci, sau da yawa da alƙawarin aiki ake yaudararsu. *Migrant smuggling* kuwa mutum ne ya biya da kansa a tsallaka da shi iyaka ta ɓarauniyar hanya. Hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 ita ke yaƙi da safarar mutane, kuma tana da ofishi a Sakkwato.

In ba ka san komai ba sai dai mutum ya fita bai dawo ba, kalmarka ita ce *missing*. Kada ka ɗaga ta zuwa *kidnapped* don kawai ana raɗe-raɗi a unguwa.

7. Kalmomin dawowa gida

Tambaya ta huɗu ke nan, kuma a nan ake yawan yi wa gaskiya kwaskwarima. *Rescued* na nufin an ceto shi, wasu ne suka je suka ƙwato shi. *Released* na nufin masu riƙe da shi ne suka sake shi. *Escaped* shi ne ya kuɓuta da ƙafarsa. *Freed* da *regained freedom* sun tsaya tsakiya, sun ce ya shaƙi iskar 'yanci ba su faɗi ta yaya ba.

Iyalin da suka sayar da gonar gado suka biya fansa, sannan suka ji an ce an "ceto" ɗansu, sun san abin da wannan kalma ta danne. Mai fassara ya ji tsoron Allah a nan. In sanarwa ta ce *rescued*, ka ce hukuma ta ce ta ceto su, ka jingina maganar ga mai ita. In ta ce *released*, kada ka mayar da ita ceto don ta fi daɗin ji.

Ka ƙara waɗannan a ƙasan shafin: *unhurt*, ba rauni, *reunited with his family*, an sada shi da iyalansa, *still in captivity*, har yanzu yana hannu, *whereabouts unknown*, ba a san inda yake ba.

8. Gyara furuci

Ka danna kowace kalma a ƙamus ka saurara sau uku, ka faɗa, ka naɗi muryarka a waya, ka kwatanta.

Abu uku ke ba mu wahala. Na ɗaya *p*, da bakinmu ke mayarwa *f*. Ka rufe leɓɓanka gaba ɗaya a ƙarshen *kidnap*, iska ba ta fita sai ka buɗe. Na biyu ƙarshen kalma: *kidnapped* da sautin *t* take ƙarewa, gaɓa biyu ce kawai, amma *abducted* gaɓa uku ce. Na uku shi ne mafi haɗari, wato *abduct* da *adopt*. *Adopt* ɗaukar riƙon yaro ce bisa doka, aikin alheri. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna haɗiye *b* da *c* sai ka ji sun ce an yi *adopting* ɗin ɗalibai. Ka rubuta su gefe da gefe, ka riƙa faɗinsu a jere har kunnenka ya raba su. A *abduct* ƙarfin murya yana kan gaɓa ta biyu, a *kidnap* kuma kan ta farko.

9. Karanta labari ɗaya cikin harshe biyu

Wannan ita ce hanya mafi arha da na sani. Daily Trust da Aminiya kamfani ɗaya ne, sau da yawa labari ɗaya yana fita a duka biyun. Premium Times ma tana da sashen Hausa. Ka fara karanta na Turanci, ka amsa tambayoyin nan huɗu, ka kwafi jimla ɗaya cikakkiya cikin littafinka, sannan ka buɗe na Hausa ka ga yadda suka faɗa. Wani lokaci za ka ga ba ka yarda da fassararsu ba. Ka rubuta taka a gefe, alama ce ta cewa ka fara ganewa.

Hattara da kanun labari, yana da nasa nahawun. *Bandits abduct pupils* ba yana nufin yanzu suke yi ba, an riga an yi. *Pupils abducted* kuma an yar da *were* ne don ƙarancin wuri. Jarida ta yi haka a kanu, kai kada ka kwaikwaye ta a wasiƙa ko jarrabawa.

A nan za ka haɗu da *suspected* da *alleged*, wato wanda ake zargi. Ba ado ba ne. Mutumin da kotu ba ta yanke wa hukunci ba *suspected kidnapper* ne. Haka *informant*, da jaridunmu ke amfani da ita ga mai kai wa 'yan bindiga rahoto, wanda muke ce wa infoma. Kowa a gabashin Sakkwato ya san abin da wannan suna ke jawo wa mutum. Kada ka taɓa haɗa shi da sunan wani a rubutu, da Hausa ko da Turanci.

Minti ashirin a rana ya isa, bayan Asuba ko bayan La'asar. Kalma biyu a rana ta fi goma a zama ɗaya. Kuma in labaran sun yi maka nauyi a zuciya, musamman in abin ya taɓa shafar gidanku, ka ajiye jarida ka yi aiki da misalan ƙamus kawai na wasu kwanaki.

10. Rubuta rahoton gwaji

Idan ka kai nan, ka gwada haɗa jimla biyar a wannan jeri: yaushe, ina, wa aka ɗauka, me aka nema, wane mataki aka ɗauka. Ga samfuri:

*On Tuesday night, armed men attacked our village. My brother was abducted from his house. The abductors have demanded a ransom. He is still in captivity. We reported the case at the police station on Wednesday.*

Ka canza rana da wuri da mutum, ka sake rubutawa: mace ɗaya, yara uku, direba a kan hanya, wanda ya tsere, wanda aka sako. Duk lokacin da mutum ya wuce ɗaya, *was* ta koma *were*. Sai ka kai wa malamin Turanci ko wani ɗalibin jami'a a unguwarku ya duba, ka ce masa ya fi mai da hankali ga wa ya yi da wa aka yi wa.

Hattara biyu a wannan mataki. A rubutun gwaji kada ka sa sunan kowa na gaske, ko lambar waya, ko adadin kuɗin da wani gida ya tara. A takarda ta gaske ma, waɗannan bayanai na hukuma ne da lauya, ba na Facebook ba ne, domin masu riƙe da mutum su ma suna da waya kuma suna karatu. Na biyu, in abin ya faru da gaske, Allah Ya kiyaye, kada ka tsaya neman Turanci. Ka kira 112 ko ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa ka yi bayani da Hausa, ka sanar da mai gari ko hakimi. In an rubuta bayaninka da Turanci, ka nemi a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu, kai kuma ka bi layi-layi ka duba ko an rubuta *missing* ko *abducted*, da kuma ko *was* tana wurinta.